Tokar Mma a Benen Mata

Salaga, farkon watan Rajab

Zuwa ga yayana Mikaila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sahadatu da yara. Yaya kasuwar shanu, yaya kuma zaman Bawku? Duk ranar da rediyo ta ce an sake matso da dokar hana fita a wurinku, uwarmu Mma sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shiga yi maka addu'a. Ita ma lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwar nan tata.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san gidanmu, in na yi tari a ɗakina uwarmu tana yi mini sannu daga madafa, kuma maganar nan ba ta kunnenta ba ce. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka ta waya. In ka karanta ka goge.

Mun zuba dekin benen mata na masallacin unguwarmu, wato kankaren da zai zama rufin maza a ƙasa, ya zama daɓen mata a sama. Ka tuna rumfar kwanon da suke salla a ciki, rana ta gasa su, ruwa ya kore su. Kai da kake tsokanata cewa na yi shekaru a makarantar gini ta Tamale don in koyo toka, to tokar ce ta sa Alhaji Mahama da 'yan kwamitinsa suka ba ni aikin, don siminti ya fi ƙarfin aljihun unguwa. Buntun shinkafar nan da injinan casa suke tarawa tsibi-tsibi a bayan gari, shi ake ƙonawa a tanda ta musamman a Yendi har ya yi fari, a niƙe shi ya yi laushi kamar garin tuwo. In aka rage siminti kaɗan aka cike gurbin da wannan toka, kankaren yana jinkirin kamawa, amma in ya kama ya kama. Tsakuwar ma rabinta daga tsohon kwalbatin da aka rushe muka farfasa.

Ranar zubi zango, wato unguwarmu, gaba ɗaya ya fito. Maza suna miƙa kwanukan kankare hannu da hannu, mata suna jido ruwa daga rijiyoyi, Mma a gabansu da gwiwarta, ta ƙi jin maganar kowa. Ni ina sama tun hantsi har la'asar ina duba rodi da yadda ake daddaƙa zubin, ban sauko inda ake kwaɓi ba. Sulley, babban magininmu, shi na bar wa ƙasa.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ina hawa kullum in ba dekin ruwa. Ɓangaren yamma, wanda aka zuba da safe, in na ƙwanƙwasa shi yana amsawa tsaf. Ɓangaren gabas kuwa, inda sahun farko zai tsaya, ƙusa tana shiga cikinsa da ƙarfin hannuna kawai. Da na kankare gefensa sai ga guntun gawayi, kusa da shi kuma ƙayar kifi ƙonanniya. Yaya, me ya kawo ƙayar kifi cikin kankarena? Sulley ya ce in kwantar da hankalina, ai ni da bakina na ce mai toka ba ya gaggawa. Na gyaɗa masa kai, amma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Ka gaida Sahadatu, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Nusrat

Salaga, tsakiyar Rajab

Yaya Mikaila,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ka ce tari ya saki ƙaramarku. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma kawo muku zaman lafiya a garin nan naku.

Ka ce wataƙila kyanwa ce ta ja ƙayar ta kai sama. Ina ma kyanwa ce. Na san mai ƙayar yanzu, kuma a gidanmu take kwana.

Shekaranjiya muna zaune muna tsince wake, Mma tana cikin fara'a, sai ta ce tana da albishir da ta daɗe tana riƙewa. Tun ranar da na faɗa mata cewa da toka za a yi ginin, ta kai maganar wajen ƙawayenta. Ka san al'adarmu in ana ginin masallaci, mai bulo ya kawo bulo, mai yashi ya kawo yashi, ba wanda yake so a rufe gini babu hannunsa a ciki. Tsofaffin nan kuwa ba su da bulo ba su da yashi, amma kowacce tana da murhu. Sai suka yi ta tara tokarsu a ɓoye, don sadaka ba ta son shela. Ranar zubi, da rana ta take maza suka tafi azahar, kowacce ta zo da ƙullinta a ƙarƙashin mayafi, ta yi bisimilla ta juye a cikin tsibin kwaɓi. Mai suyar kifi ta kawo tata, mai man kaɗanya ta kawo tata da maiƙonta, Mma Abibata mai alawa ta kwashe ta ƙarƙashin tukunyarta, wadda sukari ya sha zuba a ciki. Ta uwarmu ta fi ta kowa yawa, don tun bayan Maulidi take tarawa a tsohon buhun gawayi.

Tana ba ni labarin tana dariya, idonta yana ƙyalli. Ta ce ko bayan ranta, duk macen da ta sa goshi a benen nan, ita ma tana da rabo. Na ce mata Allah ya karɓa, na tashi na shiga bayan gida na rufe ƙofa.

Tokar murhu ba tokar tanda ba ce. Gawayi ne da ƙasa da maiƙo, ga ta da shan ruwa. Na tsare Sulley, ya ce shi dai ya ga kwaɓin la'asar ya yi tauri ya ƙi juyuwa, sai ya sa aka yi ta ƙara ruwa. Ruwa mai yawa shi ne ajalin kankare, sukari kuma yana hana siminti kamawa. Abu biyun nan duk sun haɗu a gabas, a kan inda liman yake tsayawa a ƙasa.

Yanzu sandunan da muka tokare dekin da su ne suke riƙe da shi. Na aro ne, kuma mai su yana aiko wa Sulley kullum. Alhaji Mahama kuwa har ya sanar a masallaci cewa mata za su hau benensu a Juma'ar ƙarshe kafin azumi. Mma ta fito da dardumar nan kore da ka sayo mata a Bawku, wadda ta ƙi shimfiɗawa tun da ka kawo, ta ce a sahun farko za ta buɗe ta.

Ban faɗa wa kowa ba sai kai. In na yi magana, za a ce da ma an faɗa, an ba mace gini ta zo da toka. Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ban san yadda zan yi ba shi ne in dubi tsohuwar nan in ce mata sadakarta tana iya kashe mutane. Akwai 'yan curin kankare da na sa aka ɗiba ranar zubi, na safe daban na la'asar daban. Zan kai su Yendi a matse su a inji, ko Allah zai sa tsorona ya fi gaskiya girma.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Nusrat

Yendi, ƙarshen Rajab

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Ina fata kun tashi lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa sai a hankali.

A tashar mota nake rubuta wannan, takardar a kan gwiwata, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Wani malamina na Tamale yana aiki da masu gyaran hanya a nan, suna da injin da ke matse kankare har ya fashe, a ga iya nauyin da zai ɗauka. Curin safe ya ba injin wahala, ya yi ta gurnani kafin ya tsage. Malam ya jinjina mini, ya ce tokar shinkafa ta yi aikinta. Da aka sa na la'asar, allurar ba ta ko yi nisa ba ya wargaje kamar ƙuli-ƙuli. Muka sa na biyu, haka. Malam ya ɗauki ɓarɓashin ya murza a tafin hannunsa, sannan ya tambaye ni mutum nawa benen zai ɗauka. Na ce in an matsu, mata sun fi ɗari, ban da goyo. Ya ce kada in bari ko akuya ta hau.

Ina fitowa sai ga kiran Sulley. Wai mai sanduna ya zo da mota ya kafa ya tsare, don haka ya cire masa layi ɗaya ta gabas, kuma dekin bai ko motsa ba, ya yi ƙarfi paa. Na yi masa ihun da mutanen titi suka juyo. Na ce ya mayar da su ko da zai kwana yana roƙon mutumin, ya kuma hana maza salla a ƙarƙashi. Ya ce to, amma irin to ɗin da ake yi wa mai zazzaɓi.

Motar nan ta ƙi cika, Yaya. Ina zaune ina kallon kujerun da ba kowa, ina ganin Baba Liman a tsaye a ƙarƙashin wurin nan yana gyara sahu. Duk wayar da ta yi ƙara a tashar sai in zaci tawa ce.

Na san ka ce hanya ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, kuma ba zan so ka jefa kanka a wani haɗarin saboda nawa ba. Amma da kana nan da kai ka yi wa Mma magana. Kai take ji. Ni har gobe yarinyar da ta ƙona mata tukunyar tubani ce a wurinta.

Sai na isa. Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Nusrat

Salaga, cikin Sha'aban

Yaya Mikaila,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya da iyali. Kada ka ji haushin shirun da na yi maka, hannuna ne bai zauna ba sai yau. Kowa yana raye, bari in fara da wannan.

Na samu Sulley ya mayar da rabin sandunan da ya cire, rabi sun tafi. Na sa aka zagaye ƙasa da igiya, maza suka koma salla a waje. Sannan na tara 'yan kwamiti na faɗa musu komai, sai dai ban kama sunan kowa ba, na ce wata toka ce ta shiga kwaɓin da ba tamu ba. Na ce a jera gangunan ruwa a gabas daidai nauyin matan da za su hau, a zare sandunan da igiya daga nesa. In dekin ya tsaya, in ba su haƙuri a gaban jama'a. Alhaji Mahama ya yi ta shafa gemu, ya ce ya riga ya gayyaci baƙi. Daga ƙarshe dai ya yarda.

Ka san zango, kafin in isa gida maganar ta riga ni. Na tarar da Mma a zaune a ƙofar madafa, ba ta amsa sallamata ba. Na durƙusa na yi mata bayanin ruwa da sukari da maiƙo, tana kallon bango. Da na gama ta ce abin da aka ba Allah da bisimilla ba ya zama guba, kuma ba ta taɓa zaton 'yar da ta haifa ce za ta tsaya gaban maza ta kira sadakarta ƙazanta ba. Ban ce ƙazanta ba, Yaya, wallahi ban ce ba.

Ranar gwaji da hantsi an hau da ganguna, an cika fiye da rabi. Na zagaya baya duba igiyoyi, sai na ji wurin ya yi tsit. Ina dawowa na hango mayafai a sama. Mma ce da Mma Abibata da wasu tsofaffi huɗu, sun bi ta matakala, ba namijin da ya iya tare su. Ta ratsa tsakanin gangunan da gwiwar nan tata har gabas, ta shimfiɗa dardumarka, ta zauna. Ta aiko a faɗa mini cewa ba sai an wahalar da ruwa ba, su ne nauyin, a zare sandunan.

Alhaji ya roƙe su, liman ya roƙe su, ko gezau. Ni kuwa ina jin wata 'yar ƙara daga katakon ƙasa, ƙaf, ƙaf, kamar ana karya tsinken tsintsiya. Ban san lokacin da na ɗaga igiyar na shiga ƙarƙashi ba. Na je daidai inda take zaune na tsaya. Garin siminti yana zubo mini a ka, ga wata tsaga siririya a saman kaina tana tsattsafo da ruwa. Ina jin Sulley yana kiran sunana kamar daga wani gari. Na ɗaga murya yadda za ta ji ta cikin kankaren, na ce:

"Mma, ina ƙarƙashinki. Ba zan fita ba sai kin sauko."

Na ci gaba da tsayuwa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai karanta duk abin da na haddace har na fara maimaitawa, fitsari yana neman kufce mini. Can sai na ji jan ƙafa a sama, irin tafiyarta, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. Na bi sautin da kunne har matakala. Sai da Sulley ya rantse mini cewa ta shidansu ta taka ƙasa sannan na fito, kuma ban kai igiyar da ƙafata ba, ɗauko ni aka yi.

Mma ta wuce gida ba ta dube ni ba. A gaggawar saukowa ta bar dardumar a sama, ba kuma wanda na bari ya koma ɗaukowa. Bayan azahar aka janye sandunan daga nesa. Na uku na faɗuwa gabas ya lotsa, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ya rufto da ganguna da komai. Ruwa ya malalo har bakin titi. Yamma yana nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba.

Liman ya daɗe yana kallon inda yake tsayawa, tulin kankare ya kai ƙugu a wurin.

Na gaji, Yaya. Sauran sai wani jiƙon.

Ƙanwarka,
Nusrat

Salaga, jajibirin azumi

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da barka da shigowar wata mai alfarma. Ina fata za ku kama azumi lafiya, Allah ya sa a sassauta muku dokar ku samu zuwa tarawihi. Saƙonka ya iso, kuma faɗan da ka yi mini na karɓa. Ka ce in na sake shiga ƙarƙashin gini mai tsagewa, kai da kanka za ka zo ka ƙarasa ni. To sai ka fara samun hanya tukuna.

Mata a rumfar kwano za su yi azumin bana ma. Baƙin Alhaji an ba su haƙuri. Wasu a unguwa sun ce tokar shinkafar ce ta ci ginin, ba ni da bakin bin kowa in nuna masa yamma. Kwamiti dai bai karɓe aikin ba, bayan salla za mu sake zuba gabas. Kankaren da ya faɗo ba za a zubar ba. Muna farfasa shi ya zama tsakuwa, da shi za a yi daɓen farfajiya inda ake alwala, don abin da ke kwance a ƙasa ba ya faɗo wa kowa a ka. Har yanzu in na shiga ƙarƙashin kowane bene sai na ɗaga kai, ko a asibiti ne.

Mma ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba. Tana ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki ta juya. Ta daina zuwa rumfa, ƙawayenta ma kowacce ta shige gida. Na fi jin tsoron wannan shirun fiye da faɗanta, don ta rame, kuma na sha ganinta a gaban murhu ta zuba wa toka ido.

Ranar Talata masu fasa kankare suka ciro dardumarka daga ƙarƙashin tulin. Rodi ya huda ta a tsakiya, siminti ya bushe a jikinta. Na so in ɓoye, amma Sulley ya riga ya aika da ita gida. Da na koma na same ta a tsakar gida da dardumar a cinya, ta zura yatsu uku a hujin. Na durƙusa na ce mata ta gode wa Allah da ba ta kai a lokacin. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun ranar, ta ce:

"Ni na hau da ƙafata, na san abin da na hau. Ke fa, da na ƙi saukowa?"

Ta kamo kaina ta shiga kakkaɓe mini gashi da hannunta, kamar garin ranar yana nan har yanzu, tana yi tana kuka ba sauti. Na bar ta ta kakkaɓe har ta gaji.

Daga baya ta tambaye ni ko tokarta tana cikin tsakuwar da za a shimfiɗa a farfajiya. Na ce tana ciki, ba mai iya raba su. Ta ce to lada kuma, yana bin toka har ƙasa? Na ce wannan sai liman, ni kankare na karanta.

Kada ka wahalar da kanka neman wata darduma, na yi mata tayi ta ƙi. Ta wanke waccan ta yi mata faci da ƙyallen atamfa, a kanta take salla. Jiya sabuwar toka ta iso daga Yendi, aka jera buhunan a ɗakin ajiya. Yau da safe na je na tarar da ita ta riga ni, ta kafa kujera a bakin ƙofar, sandarta a gicciye bisa gwiwa. Duk macen da ta zo wucewa sai ta buɗe mayafi ta nuna mata hannuwa. Ni ma da na zo shiga sai da na nuna nawa.

Ka gaida Sahadatu da yara, ka ce Mma tana sa musu albarka. A sha ruwa lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nusrat